Kifin da Na Rantse a Kansa

Tun da na dawo ba a bar ni na soya kifi cikin natsuwa ba. Wannan ya zo ya ce, "Haruna, wai har teku ka gani?" Wancan ya ce, "Wai a inji aka sa kifin ya faɗi sunansa?" Na ba da labarin a bakin kasko har mai ya sha ƙone mini, kuma na lura kowa gefen da ya yi masa daɗi yake ɗauka ya tafi da shi. Jiya na ji ana cewa jirgi na hau. Ban hau jirgi ba. Shi ya sa na zauna in rubuta yadda aka yi, inda na manta kuma zan ce na manta.

Sana'ata suyar kifin ƙanƙara ce a bakin kasuwar ƙauyenmu, tsakanin Bici da Dawakin Tofa. A shekarar da fetur ya tashi, masara ta gagari wanda ya noma ta, kifi mai kai da jela ya fi ƙarfin mutanenmu. Sai dilan da nake sara a wurinsa a Kano ya kawo wani sabon kwali mai rubutun Faransanci. Tsoka ce zalla, fara, ba kai, ba fata, ba ƙaya. Ya ce fanla ne na teku, gyara shi kawai aka yi. Yana da sauƙi, na ɗauka.

Akwai Baba Na'iya, babban maƙerin garinmu. Gidansu ba sa cin tarwaɗa tun kakan kakansa, kowa ya san haka. Da za a yi sunan jikansa, rago ɗaya ba zai ishi jama'a ba, sai ya zo wurina a soya masa kifi. Ya ɗaga yanki ɗaya ya juya shi.

Ya ce, "Haruna, ina kansa?"

Na ce, "Baba, haka ake kawo shi."

"Kifin da ba kai, ta ina zan san ɗan wane gida ne? Ka dai san mu."

Na ce, "Wallahi Baba fanla ne. Ba abin da ya haɗa shi da tarwaɗa."

Aka yi suna, gidan kaf suka ci. Bayan mako ɗaya wani direban babbar mota ya tsaya ya sayi kifi, ya ɓare shi yana tauna, ya ce, "Wannan ai tarwaɗar Turawa ce aka feɗe." Ya goge hannu ya hau motarsa. Daga ranar ban ƙara cin tuwo na ji daɗinsa ba.

Na kira dila, ya ce kifi kifi ne, in daina ɓata masa lokaci. Na je wurin Liman. Ya ce wanda ya rantse a kan abin da ya yi imani haka yake, daga baya ya ga ba haka ba, babu komai a kansa. Amma wanda ya rantse yana shakka, wannan babba ce, ta fi ƙarfin kaffara, sai tuba da neman yafiyar wanda aka cuta. Ya tambaye ni wacce ce tawa. Sai na tuna lokacin da Baba ke juya yankin nan, ni ma na ce a raina fanlan da na sani bai kai haka laushi ba. Matata Hauwa ta ce, "Sun ci, sun sha ruwa, ko tari babu wanda ya yi. Malam, ka bar maganar." Na yi ƙoƙarin barin ta, ita ce ba ta bar ni ba. Idan fanla ne, na huta. Idan tarwaɗa ce, na ciyar da dattijo abin da ya kiyaye tsawon ransa, da sunan Allah a bakina.

Sai na tuna da Sule. Tare muka yi firamare, ni na tsaya a aji shida, shi ya wuce makarantar kimiyya har ya zama dakta, ba na asibiti ba, na kifi. A lokacin yana Kwatano yana wani bincike da mutanen can. Na kira shi. Ya ce akwai gwajin ƙwayar halitta, irin wanda ake ji a rediyo ana yi don gane uban yaro, kifi ma ana yi masa. Ya ce in ba direba ɗan yanki ya kai masa.

Na ce, "In direban ya ji yunwa ya soya, ya sayi wani ya sa a madadinsa fa?"

Ya yi dariya har ya ƙware. Ya ce, "Kana nan yadda na san ka, mai goge amsa sau uku. To taho da ƙafarka."

Akwai ragowar yanki ɗaya daga kwalin sunan a firjin wani mai ƙanƙara a Bici. Na sayar da tunkiya, na ari kula, na cika ta da ƙanƙara. Gero ya shiga rumbu, dawa ba ta nuna ba, na bar wa ƙanena gona na kama hanya.

A tashar Kano kwandasta ya so ya ɗaure kular a bayan mota, na ƙi, na rungume ta a cinya. Kusa da ni wata 'yar kasuwa ce mai suna Hajiya Rabi, atamfa take sarowa daga Kwatano, ta san hanyar kamar tsakar gidanta. Kafin Zariya na buɗe kular sau huɗu.

Ta ce, "Malam, jariri ne a ciki?"

Na ba ta labari. Ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce, "Ni na sha rantsuwa a kan atamfa cewa ba ta zuba. Da irinka ce ni, da tuni na kai Sin da ƙafa." Amma daga nan ta ɗauke ni kamar ƙanenta, ita ce ma ta hana ni buɗe kular, ta ce iska nake shigar wa ƙanƙarar.

Daga Kaduna zuwa Abuja babu mai magana a motar. Kowa ya san abin da ake yi wa matafiya a dajin nan a shekarun, kowa da carbinsa, direba kuma bai ɗaga ƙafa ba. Muka wuce lafiya, sai layin mai ya cinye mana rabin yini. Gab da Lakwaja kuma motar ta fara hayaƙi ta tsaya. Aka ce sai an kawo wani ƙarfe daga cikin gari. Muka kwana a nan, muka wayi gari, har azahar ba a kawo ba. Na buɗe kula na ga kifina yana iyo a ruwa. Na zagaya shaguna neman ƙanƙara, aka ce kwana uku ba wuta.

Hajiya Rabi ta ce, "Kai da kake mai kifi, ba ka san banda ba?"

A bakin hanyar mata ne jere suna kyafa kifin kogi a kan raga. Na kai wa wata dattijuwa mai ɗan jin Hausa, na roƙe ta ta kyafa mini shi a gefe, shi kaɗai. Ta ce to. Na tafi na yi sallah. Da na dawo, ga yankina a tsakiyar raga, tarwaɗa ta kewaye shi, an kuma ɗora wata raga a sama, man tarwaɗa yana ɗiga a kansa. Ta ce a gefe ba wuta, ba zai yi ba. Na gane nawa ne don shi kaɗai ne shimfiɗaɗɗe, sauran duk a lanƙwashe suke. Abin da na fito in gane ko tarwaɗa ne, na kai shi da hannuna ya yi wanka da man tarwaɗa. Na so in juya gida. Hajiya ta ce in na juya za ta bi ni har ƙauyenmu ta ba da labarina a kasuwa.

Ikko ba zan ce komai a kanta ba, don ban gan ta ba. Na ga gada a kan ruwa, na ga mutane da yawa suna sauri, ni kuwa idona yana kan mayafin Hajiya kada ta ɓace mini. Muka hau ƙaramar mota zuwa kan iyaka. A can aka duba katina, wani ma'aikaci ya nuna kula ya ce in buɗe. Na buɗe. Babbar kula, a ƙasanta ƙunshin takarda, cikin takarda leda, cikin leda tsumma, cikin tsumma banda ɗaya kamar tafin hannu. Ya kira abokan aikinsa su zo su gani. Hajiya ta fassara mini cewa wai kifi daga nan yake shiga Najeriya mota-mota, ni ne na farko da suka ga ya dawo da shi. Ɗaya ya tambaya ko ya ƙi sayuwa ne. Suka yi ta dariya, suka ce in wuce.

Sule ya tarye ni a tasha. Ya yi furfura, amma dariyar tana nan. Ɗakinsa ƙarami ne, sai ya sauke ni a Zango wurin wani mai masauki, dattijo Bahaushe da aka haifa a can, Hausarsa rabi Faransanci. Abin da ya fara ba ni mamaki a garin shi ne 'yan acaɓa duk riga ɗaya suke sawa, ruwan ɗorawa, da lamba a baya. Mata ma suna tuƙa babur da kaya, babu mai kallonsu. Kasuwar kifi kuwa ta mata ce, namiji sai dai ya ɗauki kaya. Da na ce sana'ata suyar kifi, matar mai masauki ta tambaya ko matata ba ta da lafiya ne. Tuwonsu na masara ne mai tsami a ƙunshe cikin ganye, miya kuma man ja da barkono da kifi a kowace rana. Ni da na zo da ciwon kifi a rai, kowane kwano sai na tambayi sunan abin da ke ciki. Kwana biyu matar ta gaji, ta koma kawo mini dogon burodinsu mai tauri da shayi.

Washegari Sule ya kai ni ɗakin gwajin. A bakin ƙofa na fara cire takalmi, ya ce ba masallaci ba ne, amma in sa farar riga, kada kuma in taɓa komai. Mai ɗakin wata mace ce, Madam Sena, ba ta jin Hausa, Sule ne tafinta. Kafin mu gama gaisawa na zayyana mata abin da ya faru a Lakwaja. Ta saurara har ƙarshe ba ta yi dariya ba. Ta ce da tsohuwar hanya za a bi, wadda ake duba ruwan ɗanyar tsoka, da wuta ta ɓata komai. Amma abin da take nema hayaƙi ba ya kashe shi.

Ta sa safar hannu, ta ɗauko sabuwar reza ta yanke bayan bandar ta zubar. Ta sake wata reza ta shiga can tsakiya inda tsokar ke fara, ta ciro ɗan abu kamar ƙwayar dawa. Ta yi haka a wuri uku, kowanne da rezarsa da 'yar kwalbarsa ta roba. Na ce wa Sule, "Shi ke nan abin da ake buƙata?" Ya ce shi ke nan. Na tuna kular da na runguma kwana uku, cinyata har ta yi tsami.

Ta ɗiga wani ruwa a kwalaben ta sa su a wuri mai ɗumi har tsokar ta narke. Ta sa a wata na'ura mai juyawa da gudu, ta tace, ta wanke, ta sake juyawa. A ƙarshe abin da ya rage ɗigo ne kamar ruwan sha. Na ce ban ga komai ba. Sule ya ce yana ciki. Ya ce kowace halitta tana da rubutu a jikinta, a cikin rubutun kuma akwai ɗan gajeren wuri da ya bambanta a kowane irin kifi, kamar yadda a da ake duban tsagen fuska a ce wannan ɗan gidan wane ne. Wurin nan za su sa wata na'ura ta yi ta ɗumamawa tana hucewa, tana ninka shi har ya yi yawan da za a iya karantawa.

Abin da ya kwantar mini da hankali da matar nan shi ne kwalba ta huɗu. Ruwa ne kawai a ciki, ba kifi, amma duk abin da ta yi wa sauran sai ta yi mata. Na tambaya. Aka ce in wani abu ya fito a wannan, to ƙazanta ta shiga aikin, sai a zubar da duka a sake. Na ce wa Sule ya gaya mata da a garinmu take da mun shirya.

Ana cikin ninkawar wuta ta ɗauke, injin wutar ya yi jinkirin tashi. Sule ya ce mai yiwuwa ba komai. Madam ta ce a sake. Aka sake washegari. Ta zuba abin a kan wani faranti kamar kunun da ya sandare, ta haska shi da wata fitila, sai ga 'yan layuka uku suna haske a jere, wurin kwalbar ruwa kuwa babu komai. Na ce, "To, mene ne?" Sule ya ce wannan ya nuna an samu rubutun ne kawai, karantawa sai an aika wani wuri. Kwana nawa? Ya ce wataƙila uku, wataƙila mako.

Wannan amsa ta jefa ni wata damuwar. In kwana uku ne, ƙasaru zan yi. In na yi niyyar kwana huɗu, sai in cika sallah. Na tambayi limamin Zango ya ba ni amsa, na koma washegari na sake tambaya da wani lafazin, ya ce, "Malam Haruna, jiya ma kai ne." Kwana takwas na yi. Na je na ga teku sau ɗaya, ban daɗe ba, hankalina yana kan dawa da kuma maƙerar Baba.

Ran na takwas aka kira ni. A kwamfuta haruffa ne huɗu suke ta maimaita kansu, layi bayan layi. Madam ta saka su a wani babban kundi da aka tara rubutun kifayen duniya, sai suna ya fito, wanda ba zan iya faɗa ba, da hoto. Kifi ne mai tumbi, bayansa toka-toka, da ɗan gashin baki. Sule ya ce a tafkunan kiwo ake yin sa, can gaba da Indiya, bai taɓa ganin teku ba. Ya ce, "Dangin tarwaɗa ne, Haruna. Ba irin tamu ba, amma gida ɗaya."

Sai na tuna ragar matar nan ta bakin hanya. Na ce, "Ai man Lakwaja ne. Man da ya ɗiga a kai ne injin ya gani." Har na fara murmushi. Ban taɓa jin ina son matar nan mai banda ba sai a lokacin.

Sule bai so ya fassara ba, amma ya fassara. Madam ta girgiza kai. Ta ce daga tsakiya ta yanka, wuri uku, duk suna ɗaya suka ba da. Ta kuma buɗo rubutun tarwaɗar koginmu, don ita ma tana cikin kundin, ta jera shi a ƙarƙashin nawa, ta bi da yatsa tana nuna mini inda suka saɓa. Ta ce da man Lakwaja ne, da wannan sunan zai fito. Ta ƙara da cewa kifin lafiyayye ne, ba ya cutar da kowa, sunan da aka sayar da shi ne kawai ba nasa ba. Ta buga mini hoton a takarda.

A tasha Sule ya riƙe hannuna ya ce, "Kana iya ce wa Baba ba tarwaɗar kogi ba ce. Ba ƙarya ka yi ba." Kwana uku a mota ina juya maganar nan. Daga Ikko zuwa Lakwaja na yarda da ita. Daga Lakwaja zuwa Kaduna na ƙi ta. Na sauka a Bici ban tsayar da komai ba.

Na tarar da Baba a maƙera da hantsi yana gyaran lauje, an fara yankan dawa. Ɗansa Ado, uban jaririn, yana kan zugazugi. Na gaishe su na durƙusa na miƙa takardar. Baba ya nisanta ta da idonsa, ya ɗora babban yatsa a bakin kifin.

"Wannan gashin baki ne?"

"Shi ne, Baba. Sule ya ce ba irin ta koginmu ba ce, daga wata ƙasa..."

"Ban tambayi Sule ba. Kai mai kifi ne. Me ka gani?"

Na ce, "Tarwaɗa ce."

Ado ya saki zugazugi ya miƙe. Baba ya ce, "Zauna." Ya zauna.

"Ranar da ka rantse, ka sani?"

"Ban sani ba. Amma ban tabbata ba, kuma na rantse."

Ya dubi garwashi. Sannan ya ce, "Na ga yunwar da aka ci dusa a garin nan, kududdufi yana cike da tarwaɗa, ban sa ta a baki ba. Ubana bai gaya mini abin da zai faru in an ci ba. Cewa ya yi kada a ci. Yanzu in na je, me zan ce masa?"

Na ce, "Ka ce Haruna ne."

Ya ce, "Zan ce." Ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya ce zai nuna wa matan gida su san fuskarta. "Da ka yi shiru da ban sani ba har in mutu, amma ka zo ka faɗa, wannan na gani. Na yafe maka rantsuwar, duniya da lahira. Amma gidan nan ba zai ƙara cin abin da ya fito daga kaskonka ba, ko rago ka soya."

Na daina sarar kwalin. Ciniki ya ragu, wasu abokai har yau suna cewa ni na jawo wa kaina. Baba yana wucewa ta wurina kullum in zai je sallar magariba. Yakan tsaya mu gaisa, ya tambayi iyali, wani lokaci ya zauna a benci ya huta. Sau ɗaya na manta, na miƙa masa yanki mai zafi a takarda yadda na saba yi shekara da shekaru. Ya dube ni bai miƙo hannu ba. Na mayar da hannuna.